Ƙafata da Tudun Gidan Tsofaffi

Litinin, 9 ga Janairu

Wannan sabuwar motar ta raina ni. A tsakiyar tudun da ke hawa gidan kula da tsofaffi na taka totur, sai wata 'yar fitila rawaya ta hau ƙyafta mini ido, inji ya yi laƙwas kamar an shaƙe shi. Na ƙara takawa har ƙasa, ko gezau. Ni Oddvar, da na fara da akwalar mota ɗaya har na tara manyan motocin katako, yau ƙarfe ke yanke mini ƙarfin da zan samu.

Turid ce ta sa na rabu da tsohuwar. Wai, "Baba, wannan ta fi tsaro." 'Yar da na koya wa riƙe sitiyari.

Na isa a makare. Miyar kifin matata Borghild ta huce. Ba ta karɓar cokali daga hannun kowa sai nawa, ma'aikatan sun gwada sun gaji.

Talata, 10 ga Janairu

Na kai motar garejin Steinar. Ya yi mini direba shekara da shekaru kafin ya buɗe nasa, har yau bakinsa bai mutu ba.

"Lafiyarta ƙalau, maigida. Kai ne dai."

Wai kowace taya akwai abin da ke lura da juyinta. Da zarar ɗaya ta fi sauran gudu, ta san santsi ne, sai ta rage wa inji mai, ta ɗan ciji tayar da birki har ta kama ƙasa.

Na ce to ƙarfin da na saya fa, ina yake zuwa?

"Yana nan. Ajiye maka take, kamar yadda Borghild ke ɓoye maka sukari."

Na ce ya kiyaye ni. Da na matsa, ya nuna mini maɓallin kashe na'urar hana santsin, can ƙasan sitiyari. Ya ce na wanda ya kafe a dusar ƙanƙara ne, ba na gilashin ƙanƙara ba. Kullum aka tada mota sai an sake dannawa. To, ai ina da yatsa.

Alhamis, 12 ga Janairu

Na kashe na'urar. Na ɗauko gudu tun daga gada, yadda muke yi a da, na bar tayoyi suka tona har suka taɓo tsakuwa. Sai ga ni a sama. Haka ake hawan tudu!

Borghild ta cinye dankalinta tas. Ta kira ni da sunan yayanta, amma ta ci.

Lahadi, 15 ga Janairu

Ruwan sama a kan dusar ƙanƙara. Ga sanyi na dawowa.

Litinin, 16 ga Janairu

Ban san yadda zan rubuta ba.

Na danna maɓallin, na ɗauko gudu. A kwanar farko bayan motar ya wuce gabanta. Na tsinci kaina a lambatu, hancin mota na kallon inda na fito. Ko ƙwarzane ban yi ba.

Abin da ke cina: a da tun taya ba ta zame ba tafin ƙafata ke sanar da ni, in ɗaga kaɗan. Yau da kunne na ji, inji na kuka, kuma lokacin an riga an gama. Ƙafar tana ƙasa ban sani ba.

Steinar ya zo da tarakta. Bai yi mini tsiya ba, wannan ya fi zafi. Cewa kawai ya yi, "Riƙe sitiyari, maigida."

Daga gidan suka bugo. Borghild ta rufe baki, ta juya wa bango fuska. Ruwa kawai ta sha.

Talata, 17 ga Janairu

Turid ta ji. A garin nan in ka yi atishawa a gada, a coci za a ce maka sannu.

"Baba, kashewa ka yi ko?"

Na ce hanya ce ba a zuba wa yashi ba.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. In aka ƙara, zan zo in ɗauke makullin, ka yi fushin da za ka yi. Ba zan iya jinyar mutum biyu ba."

Na ajiye wayar. Bas ɗin da ke hawa can sai da yamma, an daɗe da kwashe kwanuka. Steinar na da aikinsa. Turid na birni. In makullin ya tafi, wa zai riƙe cokalin?

Laraba, 18 ga Janairu

Na cire takalmi na ga jini a safa. Ƙaramar ƙusa ce, ta huda ta ciki. Tun yaushe? Ban ji komai ba.

Likita ya taɓa cewa ciwon suga na cin jijiyar ƙafa. Na ce masa tawa ba irin wadda ake ci ba ce.

Alhamis, 19 ga Janairu

Na zauna a mota, inji na aiki, yatsana a kan maɓallin. In na kashe, lambatu. In na bari, ta maƙale da ni a tsakiyar tudu kowa na kallo. Na koma ciki na dafa kofi, ban sha ba.

Juma'a, 20 ga Janairu

Na bi bas. Zoben Borghild har juyawa yake a yatsa. Ma'aikaciyar, Solfrid, ta ce in aka kai mako a haka sai dai a sa mata robar abinci ta hanci. Na ce ba a yi wa matata haka. Ta dube ni, ta koma bakin aikinta.

Na gwada ba ta burodi da cuku. Lokacin ya wuce, barci take ji.

Asabar, 21 ga Janairu

Tudun na sheƙi kamar an shafa masa mai.

Ban ɗauko gudu ba, don akwai motar madara a gada. Na shiga a hankali. Fitilar ta fara ƙyaftawa, inji ya yi ƙasa, ya ɗago, ya yi ƙasa, mota na ɗan karkarwa kamar tsohuwa a kan matakala. Ni dai na ajiye ƙafar inda nake zaton tsakiya ce, na bar inji da tayoyi su sasanta. Mai tafiya a ƙasa zai iya wuce ni. Motoci sun taru a bayana, wani har da hon. A kwanar nan na ji an ciji taya ɗaya an saki, an ciji ɗayar. Ba ni ba ne.

Maɓallin, mantawa na yi. Gobe ma gani.

Na tarar ana raba abinci, ƙwallon nama da miya, da zafinsa. Borghild ta daɗe tana kallona kafin ta buɗe baki. Ta ci rabi, ta huta, ta ƙara.

Sai ta ce, "Oddvar, da wannan santsin? Wa ya kawo ka?"

Na ce ni na kawo kaina.

Kusan gaskiya ne.