Ban San Inda Aka Kwantar da Kai Ba

Assalamu alaikum, Malam,

Na san babu mai kai maka wannan takarda, amma maganar ta ƙi zama a cikina.

Gida lafiya. An saki ruwa a kanal, ɗanka Sani ya dasa shinkafa a gonarka, layinsa a karkace kamar kullum. Da kana nan da ka sa shi ya tumɓuke ya sake.

Ni kuwa, wadda ko Kano ba na shiga sai da dalili, har Biyetnam na je. Mu mata masu turara shinkafa aka ɗiba, mu ga yadda mutanen can suke tasu sana'ar. Ranar hutu suka kai mu wani tsohon wurin ibadar mabiya Buddha, hasumiya ce hawa kan hawa, wai ta girmi kakannin kakanninsu. Na ce kallo kawai zan yi. Muka tuɓe takalma muka shiga.

Ta baya akwai wani ɗaki mai duhu-duhu, hayaƙin turare ya cika shi. Bangon duk hotunan mamata ne, kowa da gurbinsa. Wata mata sa'ata ta shigo, ko dube-dube ba ta yi ba, ta nufi na mijinta. Ta goge hoton da gefen rigarta, ta zauna tana yi masa hira ƙasa-ƙasa, har da ɗan faɗa. Ana buga ƙararrawa sai na ji tarinka a bayana. Na waiga, ba kowa.

Malam, Allah ya yafe mini, ƙyashinta na ji. Addinina na riƙe shi, sanin wurin da ta yi ne ya tsaya mini a rai. Ni a bakin zaure na tsaya ranar da aka fita da kai, kamar kowace mace. Ban taɓa tambayar inda aka sa ka ba.

Da na dawo Bunkure na ce Sani ya nuna mini, ko daga bakin maƙabarta ne, da yatsa. Ya sunkuyar da kai. Ashe ambaliyar bara ta shafe sashen, ta kwashe fasassun tukwanen da aka yi alama da su. Shi ma ya je ya rasa, ya ɓoye mini.

Kai ka koya mini addu'a tana isa duk inda mamaci yake. Na yarda. To amma ina zan juya fuskata in na tuna ka?

Yanzu in zan wuce kasuwa sai in yi wa maƙabartar gaba ɗaya sallama, in ɗan tsaya ko wani gefe zai ja ni. Har yau shiru.

Allah ya kai haske kabarinka, duk inda yake.

Ni ce matarka,
Hajara