Galura a Hannun Mai Takaba

Vénissieux, ranar Lahadi

Yaya Rékia,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Alhaji da yara. Yaya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Yaya hawan benen naku na La Courneuve? Mu nan sai godiya, sai haƙurin da muke ta yi. Takarda na ɗauka don in na ji muryarki a talho kuka ke hana ni magana.

Yau na gane abin da ke ɗauke mini 'yan tsaki. Ina shanya a ɗan filin nan namu sai inuwa ta gilma a ƙasa, uwarsu ta yi wani irin kuka, kafin in ɗaga kai an tafi da ɗaya. Shirwa ce, Yaya, irin tamu ta Maradi mai tsagaggiyar wutsiya. Ni kuwa kyanwar maƙwabciyata Madam Sofia nake ta zargi. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ina kallon kujerar Malam da ke bakin akurki. Tun da ya bar aiki can yake wuni, da rediyonsa da carbinsa. Ashe gadi yake yi. Muddin da mutum a zaune, ba ta saukowa. Yanzu ba kowa.

Ƙwan nan da hannunsa ya sa wa kazar kafin a kai shi lopital jinya. Bai ga ƙyanƙyasarsu ba. Su tara ne, saura shida.

Na ji maganarki ta in komo wurinku in na fita takaba. Ba ƙi na yi ba, amma kaza ba ta zama a bene. Abin da nake roƙo yanzu ƙarami ne. Kin tuna yadda Inna ke rina 'yan tsaki da galura don shirwa ta kasa gane su? Ba ni da halin zuwa kasuwar Guillotière nema. Ki duba mini a butik ɗin 'yan Zinder na wajenku, ja nake so, ki aiko ta posta.

Ki gai da kowa da kowa. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Zaituna


Vénissieux, ranar Alhamis

Yaya Rékia,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ke da iyali. Galura ta iso, da kilishin da kika haɗo. Allah Ya saka da alheri.

Na san labari ya riga takardar nan isowa, don ɗiyata Raihana ta ce kin kira ta ranki a ɓace. To ki ji daga bakina. Ban sa lalle ba. Ranar ta zo mini wuni, tana gidan, ki tambaye ta.

Na dama galurar a tsohuwar roba, na kama 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya na shafe musu baya da fiffike. Ban tuna da safar hannu ba, Inna ma ba ta taɓa sawa ba. Hannuna ya yi ja har wuyansa. Na wanke da sabulu, na goga lemun tsami, bai fita ba. Washegari Hajiya Maimouna ta zo da matan ƙungiyarmu su duba ni. Ina miƙa mata ruwa ta kafe hannuna da ido. Ta ajiye kofin bai kai bakinta ba. Da ta tambaya da na ja ta na nuna mata su, suna can suna tsattsaga kamar an zubar da tumatir. Ba ta tambaya ba, ni ma bakina ya yi nauyi. Kafin la'asar an ce matar Malam Illiassou ta fara kwalliya tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Abin ya yi mini zafi, amma na gaji da yawa, ba zan bi gida gida ina shinfiɗa hannu ba. Tun rasuwar ko kwalli ban taɓa ba. Allah Ya sani, ke ma yanzu kin sani.

Uwar ma ta ƙi su da farko, ta yi ta saran su sai da yamma ta yarda suka shige ƙarƙashinta. Madam Sofia ta leƙo ta katanga ta yi dariya har da hawaye. Ita ta gaya mini doka ta hana taɓa shirwa a ƙasar nan, ko jifa. Ta kuma ce daga wajenmu suke tasowa duk bazara, su koma in sanyi ya ƙarato. Ashe 'yar garinmu ce ta biyo ni har nan.

Ƙanen Malam, Affan, ya ce in ba shi su duka ya kai wa wani mai gona, maganar ta mutu. Na ce a'a.

A gai da Alhaji. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Zaituna


Vénissieux, ranar Talata

Yaya Rékia,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya zafin da aka ce kuna sha a Paris? Ina fatan jikinki lafiya. Biyen jirgin ƙasan, tikitin da kuka saya mini, ya zo, na gode, na kuma ji kunyar Alhaji.

Galurar ta yi aiki na ɗan lokaci. Da gashinsu na girma ya fito, jan ya zube, shirwa ta dawo. Na shiga yin azahar, na fito na tarar da saura huɗu. Sake rini ba zai yi ba, ta riga ta san gidan. Yanzu ni ke zama a kujerar. Bayana na ciwo, rana na dukana, abinci ma a can nake ci. In zan yi salla sai na kora su akurki, su kuwa in sun daɗe a kulle sai su yi ta saran juna.

Takaba ta kusa ƙarewa, amma ba zan zo ranar da kuka sa ba. Ki yi haƙuri, Yaya. Na san ɗakin da kika gyara mini, na san zaman nan ni kaɗai ba ya yi mini kyau. Sai sun yi nauyin da ba za ta iya ɗagawa ba, sannan in san wanda zan ba. In na tafi na bar su haka, ji zan yi kamar na bar shi a lopital ban waiwaya ba.

Ki gai da yara, ki ce ban manta da su ba. Raihana na gaishe ki.

Madam Sofia ta kawo mini ragar da take rufe itacen cerinta da ita don kada tsuntsaye su cinye 'ya'yan. Mu biyu tsofaffi muka ɗaura rabi a saman filin, tana riƙe tsani ina hawa. Sauran ya fi ƙarfinmu, sai an kafa sanduna biyu, Affan kuma bai ɗaga talho ba. Gefen katanga har yau a buɗe yake.

Ƙanwarki,
Zaituna