Kalmar da Likita Ya Faɗa

Zaitawa, Laraba da dare, Sha'aban 1956

Makon jiya na ja kunnen ɗana Sani don ya ce kalmomin Turancin nan prove da confirm duk "tabbatarwa" ne. Na ce masa prove kawo hujja ne inda ake musu, confirm kuwa jaddada abin da aka riga aka sani. Ba na son sakaci.

Yau likita Bature ya ɗaga hoton ƙirjin Sani, ya ce wa malamin asibiti, "Confirmed." Tarin fuka ne. Ashe su sun daɗe da sani, ni ina ta cewa kasalar yaron lalaci ne.

A hanya Sani ya ce, "Inna, wanne ya faɗa a ciki?"

Na ce ya gyara hularsa.

Ga shi can yana tari. Ban yi kuka ba, na dai wanke kwanuka.