Shaidar Labbo da Gwangwanin Baba

Illela, Litinin 4 ga Mayu 1998

Yaya Mutari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Kande da yara. Ka gaishe min da Inna. Ni ma lafiya lau, in ban da ɓacin ran da ya sa na ɗauki biro.

Ordinatar ɗin poroje, wato kwamfutar ma'aikatarmu, 'yar mai ninkewar nan da na kawo maka shago a watan Maris don ka ƙara mata memuwar, ƙarfen nan da ke ƙara mata ƙwaƙwalwa, tun ranar ba ta sake zama daidai ba. Ina cikin rubutu sai fuskarta ta koma shuɗiya, ta cika da lambobi, ta mutu. Da fari sau ɗaya a mako. Jiya sau huɗu. Kafin ka taɓa ta tana da nawa, na yarda, amma ba ta taɓa watsar min da aiki ba.

Bari in gaya maka abin da ke cikinta, tunda a wurinka kowace na'ura rediyo ce. Ran ɗaya ga Yuni kwamitin sulhu zai zauna kan burtalin da shanu ke bi daga Tudun Gawo zuwa tabkin Maiƙaya, can ƙasar Dogarawa, wanda gonaki suka fara ci. Mutum ɗaya ya rage da ya san iyakokinsa tun lokacin da aka shata shi, tsoho Labbo makiyayi, kuma yana kwance. Kwana uku na yi zaune bakin gadonsa, 'yarsa Zalika tana masa fifita, yana faɗi ina bugawa: shafi goma sha huɗu, dutse bayan dutse, itace bayan itace, da taswira a ƙarshe. Rakoda kuwa ya ƙi ta sam. Ya ce ba ya so ya mutu muryarsa ta tsaya tana yawo cikin mutane. To ka ji, babu kaset, babu takarda, duk maganarsa tana cikin abin nan da ka buɗe.

Akwatin disket ɗin, na sa faifan kwafe aiki, da ka riƙe wai za ka gyara fa, yana ina? In ba shi, ba ni da hanyar kwafe komi, injin bugawa kuma yana babban buro, wato ofishinmu na Tawa.

Ka ba Iliyasu direba amsa gobe. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Barira

Birnin Konni, 8 ga Mayu 1998

Zuwa ga ƙanwata Barira,

Amin, wa alaikumus salam. Gida lafiya, Inna tana amsawa, ta ce tun da kika zama ma'aikaciya gaisuwarki ma ta koma ta takarda.

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu don in tabbata ni ake wa wannan magana. Shagon nan tun na Baba ne, shekara talatin ana aiki a ciki, kuma yadda ya koya min haka nake yi har gobe. Ma'aikatan duwan, wato kwastan, da likitoci kayansu ni suke kawo wa. Ba wanda ya taɓa rubuto min cewa na lalata masa abu sai wadda na goya.

Memuwar da na sa miki daga Sakkwato na samo ta, ba ta da komi. Ciwon na'urarki zafi ne. Muna tsakiyar bazara, ke kuma kina aiki a buro mai rufin kwano, ba ko fanka. Waɗannan na'urorin don ƙasashen sanyi aka ƙera su. Ki riƙa hutar da ita da tsakar rana, ki nemo mata wuri mai sanyi, kada kuma ki buɗe abu biyu a lokaci ɗaya. In kin kiyaye wannan, za ki ga ta daina.

Akwatin disket yana jiran wani ƙarfe, ki yi haƙuri. Allah ya ba tsohon naku sauƙi.

Yayanki,
Mutari Takama

Illela, 18 ga Mayu 1998

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Labbo ya rasu ran Laraba, an kai shi bayan azahar. Allah ya jiƙansa. Da na je gaisuwa Zalika ta kama hannuna gaban mata ta ce, “Maganar tsohona tana wurinki, Barira, ki riƙe muna ita.” Na ce mata tana nan lafiya lau. Ban gaya mata halin da na'urar ke ciki ba.

Na bi maganarka tsaf. Wurin da ya fi ko'ina sanyi a buron nan gindin randa ne. Can nake ajiye ta daga sha biyu zuwa la'asar, na samo buhu ina jiƙa shi ina lulluɓe ta, kamar yadda ake wa goro. In ka taɓa ta sai ka ji sanyi ƙalau. Abu ɗaya nake buɗewa. To ga sakamakon likitancinka: yanzu da zarar na sauka kusa da taswira sai ta mutu. Ran Asabar ina gyara sunan wata fadama, na danna ajiyewa, tana cikin ajiyewar ta yi shuɗi. Tun daga nan ban iya wuce shafi na tara ba, ban san halin da sauran ke ciki ba.

Ka ce zafi ne. To ga sanyi na ba ta, ta ƙara lalacewa. Ka daina ba ni labarin ma'aikatan duwan, ba su na tambaye ka ba. Saura kwana goma sha huɗu. Manoma sun gama sharar gona, hadari ya fara leƙowa ta gabas. In ba a kafa iyaka kafin shuka ba, ba mai tuge wa wani hatsi, shanun kuwa sai su zaga ta bayan Malbaza, kwana biyu kafin su sha ruwa.

Ko ka zo, ko ka gaya min abin da zan yi da hannuna. Ka gaida Inna.

Barira

Birnin Konni, 21 ga Mayu 1998

Barira,

Bayan gaisuwa da ta'aziyya. Jiƙaƙƙen buhu? Na'urar kuran, mai aiki da wutar lantarki, kika lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu? Na ce wuri mai sanyi, ban ce ki mai da ta goro ba. Iliyasu yana tsaye na karanta, sai da ya tambaye ni ko wani ne ya mutu. Duk lakwal ɗin da aka sa ki kika yi karatun boko, iyakar abin da kika fito da shi ke nan. Daga yau kada ki sake danganta min wannan lalacewa, ke kika kashe abarki da hannunki, kuma haka zan faɗa wa duk wanda ya tambaya.

Zuwa ba zan iya ba, Kande ta shiga watanta kuma jikin ba daɗi. Ki saurara. Ki cire ta daga kuran, ki zare batir, ki bar ta ta bushe kwana ɗaya a inuwa. Ki kifa ta kan tabarma mai tsabta. Akwai wata 'yar ƙofa a bayanta mai ƙusa biyu, ga ƙaramin turnabis na kwance su na sako miki cikin ambulan. A ciki za ki ga memuwar guda biyu, sirara kamar tsinken tsire: ta ƙasa ita ce tata ta asali, ta sama ita na ƙara. Ki buɗe maƙalan gefe a hankali ki zaro su. Kada ki taɓa haƙoran zinariyar da yatsa. In kin ga kore a jikinsu, aikin buhunki ne, ki goge da magogin fensir. Sannan ki mayar da guda ɗaya kaɗai ki gwada wuni guda, ki canza ki sa ɗayar ki gwada. Ki rubuta duk lokacin da ta mutu.

Za ki ga dukansu biyun lafiyarsu ƙalau. In kin gani, ina jiran ban haƙuri.

Yayanki,
Mutari

Illela, 27 ga Mayu 1998

Yaya Mutari,

Ina gaisuwa, Allah ya sauki Kande lafiya. Buhun kuskurena ne, na ɗauka, ba sai ka zaga gari da shi ba. Na tarar da kore a haƙoran duka biyun, na goge har suka yi ƙyalli.

Yanzu saura naka. Ran Litinin na sa ta asali ita kaɗai. Tun safe har aka tashi ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Taswira takan ɗauki lokacin da za ka sha shayi kafin ta fito, amma tana fitowa. Ran Talata na sa taka ita kaɗai: kafin ƙarfe goma ta mutu sau uku. Yau na mayar da ta asali, ga ta nan gabana tana aiki. Ka kuma tuna wasiƙata ta fari ta riga buhu da kwanaki.

Da na zare taka sai na ɗaga 'yar takardar da ke manne a gefenta, don ta fara ɓarewa. Ka san abin da na gani a ƙarƙashi? Ɗigon jan farce.

Kada ka ce ban san ma'anarsa ba. Baba bai taɓa zubar da ƙarfe ba, ko ya mutu murus, wai wata rana zai yi amfani. Gwangwanin madara biyu yake da su kan kanta, ɗaya na masu rai, ɗaya na matattu, kuma duk wanda ya mutu sai a ɗiga masa jan farcen Inna. Ni nake ɗigawa ina 'yar shekara takwas. Kai ka gaji gwangwanayen, ka gaji ɗigon. Ka gwada wannan memuwar wani lokaci can baya, ka ga matacciya ce, ka ɗiga mata ja da hannunka, sannan ka ɗauko ta ka sa min a na'urar da ba tawa ba. Na faɗa maka tun ranar farko, ka zaɓi ka kira ni jahila.

Ga abin da ya jawo. Na buɗe shaidar Labbo har ƙarshe. Shafi goma sha ɗaya suna nan. Ukun ƙarshe sun koma wasu alamomi da ba mai iya karantawa, kuma su ne daga tsamiyar Dauda zuwa bakin tabki, daidai inda ake rigimar. Taswirar ba sunaye a jikinta, layi ne kawai. Na zauna na yi kuka a buro, kukan takaici, har mai gadi ya leƙo.

Ga abarka nan cikin ambulan. Ka juya ta ka duba.

Barira

Birnin Konni, 29 ga Mayu 1998

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na juya na duba. Ɗigona ne. Ranar da kika kawo na'urar shago cike yake, na miƙa hannu kan kanta ban kalli gwangwanin ba. Ta Sakkwaton tana nan cikin ledarta, yau na gan ta.

Na ba Iliyasu akwatin disket, na zare ƙarfen daga nawa na sa masa. Ki kwafe abin da ya rage kafin komi. Shafukan nan uku na tambayi wanda ya fi ni sani, ya ce abin da aka ajiye a lalace ba ya dawowa. Amma kin ce Zalika tana zaune duk kwana ukun. Ki je wurinta.

Kande ta sauka jiya, mace. Suna ran Alhamis. Ki yafe min.

Yayanki,
Mutari

Illela, 5 ga Yuni 1998

Yaya,

Barka da arziki, Allah ya raya. Ban zo suna ba, ka gaya wa Kande ba da ita nake ba.

An zauna ran Litinin. Shafi goma sha ɗayan an karɓe su, an kafa duwatsu har tsamiyar Dauda. Daga nan Zalika ta miƙe ta jero sauran iyakokin da ka, bakwai, ba ta yi tuntuɓe ba. Masu gonaki suka ce ji ta yi, ba gani ba, kuma 'yar mai shanu ce. Kwamiti ya ɗage wannan yanki sai bayan kaka. Jiya aka yi ruwan shuka, yau da safe an shuke bakin tabki.

Da muka fito Zalika ta tambaye ni, “Mi ya ci maganar tsohona?” Na ce na'ura ce. Ban faɗi sunanka ba.

Ka zubar da gwangwanin Baba.

Barira