Yaya Sani, Ga Labarin Manhajar da Na Gina Bayanka

Zuwa ga yayana Sani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan Allah Ya ƙara haskaka makwancinka. Shekara biyar ke nan da rabuwarmu. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma akwai labarin da ya cika mini ciki, kuma kai ya kamata ka fara jinsa. Masu karantawa su yi mini haƙuri, da yayana nake magana.

Ka tuna shagonka na kayan gini a Maje, lokacin da gonaki suka fara komawa fulotai, kowa na neman siminti da rodi da kwano? Nakan biyo ta wurinka idan na sauko daga motar Abuja, in tarar kana rubutu a littafinka mai baƙin bango, da wasu alamomi da kai kaɗai ka san fassararsu. Idan na ce ka bari in zuba maka lissafin a kwamfuta, sai ka yi dariya ka ce, "Binta, kwamfutar taki ta san wanda matarsa ke kwance a asibiti?"

Bayan sadakar bakwai muka buɗe littafin. Ba wanda ya iya karanta shi. Masu binka bashi sun zo da rasit a hannu, aka biya su. Waɗanda kai kake bi kuwa, sai wanda tsoron Allah ya kawo. Wani birkila daga Iku, Yohanna, ya kawo kuɗin siminti buhu arba'in da babu wanda ya san da su. Wasu har yau muna gaisawa a hanya, ban sani ba ko akwai haƙƙin marayunka a wuyansu. Aka rufe shagon. Matarka Anti Zulai ta fita takaba da yara uku, a shekarar nan har zakka aka aiko mata, ta karɓa kanta a sunkuye.

Abin da ya sa na ajiye aikina na Abuja ke nan. Inna ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau, tana ganin na watsar da albashi saboda wasan waya. Na zauna a ɗakina na unguwar Chaza wata takwas ina haɗa manhajar lissafin shago, ina cin ɗan abin da na tara.

Ta farko ba ta karɓu ba. Na cika ta da Turancin akantoci, na shiga kasuwa ina nuna wa mutane, suna gyaɗa kai don kada in ji kunya. Hajiya Asabe mai shinkafa da man gyaɗa ce ta gaya mini gaskiya. Ta ce, "'Yata, ni kuɗi uku na sani: wanda ya shigo, wanda ya fita, da wanda ke hannun mutane." Na koma gida na rushe aikin wata takwas, na sake gina shi a kan waɗannan ukun, da Hausa da Turancin buroka, yana aiki ko babu data.

Na kuma amsa maka tambayarka, Yaya. Manhajar tana aika wa mai bashi saƙon tuni, amma na sa wani wuri da mai shago zai taɓa, a rubuce "a ɗaga masa ƙafa". Wanda aka sa wa alamar, saƙo ba zai je masa ba. Na zaci da wuya a yi amfani da shi. Sai na ga kusan babu shagon da ba ya taɓa wurin nan. Ashe ba kai kaɗai ba ne, garin nan cike yake da irinka.

Shaguna talatin da ɗaya ne yanzu, kowa na biyan ɗan kuɗin wata. Ba arziki ba ne, amma yana biyan hayar ofis mai ɗaki ɗaya, yana sayen mai a janareto, Inna ma ta fara ce wa maƙwabta 'yarta na da kamfani.

A daminar bara na yi ɓarna. Na tura sabon gyara ba tare da na gwada shi a tsofaffin wayoyi ba, ya share lissafin mako uku a shaguna tara. Gab da Babbar Sallah ne, lokacin da ake ɗibar kaya bashi. Raina ya raya mini in ce matsalar sabis ce, kuma da sun yarda. Na sa hijabina na bi su shago shago na ce laifina ne. Wani mai kayan gyaran babur ya wanke ni tas a gaban jama'a, ya ce in cire masa abina daga waya. Yana da gaskiya, har yau bai dawo ba.

Shagon Hajiya Asabe na bari a ƙarshe, don nata ya fi yawa. Ta saurare ni har na gama, ta tura mini kujera, ta ce in zauna. Ta gaya wa mata biyu cikin waɗanda take bi bashi abin da ya faru, ta ce su faɗa wa sauran.

Yaya, da ma kana nan ka gani. Kwana biyu ina zaune a shagon nan, mutane na zuwa da ƙafarsu. Masu abincin sayarwa, matan ma'aikata, malaman makaranta da albashi bai shigo musu ba. Kowa ya san lissafin ya ɓace, ya san idan ya yi shiru ba mai kama shi. Amma sai ya tsaya ya ce mudu kaza ne a kaina, galan kaza ne a kaina, ni kuma ina shigarwa.

Bayan kwana goma Allah Ya ba ni sa'a na tono tsohon lissafin daga cikin wayoyin. Na jera na Hajiya da abin da mutane suka faɗa da bakinsu. Bambancin mudu biyu ne na shinkafa. Shi ma wata mai tuwo ce ta ƙara wa kanta, don ba ta tabbata ba, ta gwammace ta biya fiye da ta ci haƙƙin wani. Ni da na shiga wannan sana'a saboda na daina yarda da mutane, sai ga mutanen sun fi manhajata riƙon amana. Tun ranar ba na tura gyara sai na gwada shi a waya bakwai, kuma kowane lissafi ina ajiye shi wuri biyu.

Saura labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Anti Zulai ta sake buɗe shagonka shekara uku da suka wuce. Da ƙusa da fenti ta fara, yanzu har tirela na sauke mata siminti. Makon jiya ta kira ni, wai manhajata da ke wayarta ta nuna mata wani rubutu da ba ta gane ba. Na hau keke-napep na je. 'Yan kasuwa ne suka roƙe ni tuntuni in sa abin da zai sanar da su idan dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Shi ne ya fito mata.

Ba ta yarda da ni ba sai da ta kai wa limamin unguwa ya duba, ya ce haka ne, zakka ta hau kanta. Ta dawo ta zauna a kan buhun siminti, ta rufe fuska da mayafi. Da ta ɗago, abin da ta fara tambayata shi ne ko na san wata da mijinta ya rasu bana.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Sani. Ya yafe maka, Ya yafe wa waɗanda suka manta da bashinka, Ya raya maka ɗanka Khalifa da ƙannensa cikin albarka. Ni kuma Ya ba ni ikon riƙe amanar da aka damƙa mini, har ranar da za mu haɗu.

Taka ƙanwa mai kewarka,
Binta