Ihu a Gonar Shinkafa

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Jan-baki sun iso dam ɗin Zobe. Da sanyin safiya na ga tsuntsayen sun taso daga wajen ruwa, baƙi ƙirin kamar hayaƙi. Shinkafata ta fara nono, daidai lokacin da suke so ke nan. Na ɗaura igiya da gwangwanaye, na kafa mutum-mutumi na sa masa tsohuwar rigata ta koyarwa. Biyu suka sauka a kafaɗarsa suna hutawa. Rigar da 'yan aji shida ke gani su nutsu, yau ko tsuntsu bai kula ta ba.

Ihu ake korar su da shi, ni kuma ba ni da shi. Tun da aka yi mini aiki a maƙogwaro likita ya hana ni ɗaga murya, ko na so ma ba ta fita. Yara kuwa ba mai barin nasa ya zo fadama yanzu. Gonarmu ta Birchi damina biyu ba mu taka ta ba saboda ɓarayin daji. 'Yar shinkafar nan ita ce abincin gidana na bana. In ta tafi, ban sani ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Jiya 'yata Zinariya ta zo daga makaranta, ta ji ina yi wa uwarta Yelwa ƙorafi. Dama ita ba mai magana ba ce. Da za ta koma ta ajiye mini wata sifika mai caji, girman bulo, da memori a ciki. "Baba, gwada wannan." Shi ke nan.

Na rataye a sandar mutum-mutumi na danna. Wallahi na zaci ta lalace. Kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa, can kuma wani ƙato ya shigo yana kakari. Malam Sabitu, maƙwabcin gonata, mutumin Tamawa mai makarantar allo, ya yar da fartanya yana a'uzubillahi. Amma tsuntsayen nan suka tashi gaba ɗaya, ko waiwaye babu.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na kira ta a waya na ce mene ne wannan abu. Wai waƙa ce. Wai akwai metal, akwai fank, akwai hadko, kowanne da irinsa. Wai samari ne da 'yan mata marasa kamfani, a ɗakunansu suke ɗauka, su sayar da kansu a intanet, kuma duk albam ɗin da ta sa mini na bana ne. Na ce waƙa ko rigima? Na ji kamar ta yi dariya.

"Ke ina kika san su?"

"Ina ji ne, Baba."

Yarinyar da ta sauke Alƙur'ani kafin sa'o'inta. Yarinyar da in ta gaishe ka sai ka ce ta maimaita. Wannan take sawa a kunne in ta ce tana karatu? Ban gane ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Sunayen mawaƙan ba su zauna mini a baki ba, sai na raɗa musu nawa. Na farko Injin Niƙa, 'yan Birazil ne wai. Waƙa ɗaya sai ka yi alwala ka dawo ba ta ƙare ba, shi ya fi aiki da hantsi. Akwai 'Yan Kwano, daga Indunusiya, waƙoƙinsu gajeru, kafin ka gyara zama sun gama, kamar yara sun samu murafan tukwane. Sai wani na Ingila da na sa wa Mai Kuka. Wannan ba shi da amfani ko kaɗan. Jita a hankali, murya a sanyaye, jan-baki har ƙara sauka suke yi. Sai dai na bar shi ya kai ƙarshe lokacin da nake cin ɗumame, don hannuna da miya.

Malam Sabitu ya ce, "Malam Maniru, wanga abu dai ba na mutane ba ne." Na ce ni ma ba mutane na kunna wa ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Sun saba da Injin Niƙa. Yau na gan su jere a kan igiya yana ta gurnani, suna gyara fuka-fukai. Ashe shi ya sa ake ta fitar da sababbi.

Talata, 15 ga Afrilu

'Yan Kwano ma sun ƙare. Gefen yamma an fara yi mini ta'adi. Na tura wa Zinariya saƙo ta taimaka wa tsoho.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ta aiko da wani memorin ta hannun mai babur. Albam ɗaya ne a ciki. Ta rubuto cewa 'yan ƙasar nan ne, mai jita a Jos yake, mai ganga a Kaduna, watan jiya ya fito. Ba ta faɗi mai waƙar ba, ni ma ban tambaya ba.

Mace ce. Ban taɓa jin mace ta yi irin wannan ƙara ba, ko a gidan mutuwa. Kiɗan sai ya yi ta gudu, ya tsaya cak, har ka ji kukan kwaɗi a bakin ruwa, tsuntsaye su fara saukowa, sai ta fasa ihu. Wannan ba za su iya sabawa da shi ba, don ba su san lokacin da za ta fashe ba. Ni kaina sau biyu na zabura. Yau ko ƙwara ba su taɓa ba, har gonar Malam Sabitu ta samu lafiya. Na lura ya daina a'uzubillahi, ya kuma matso da tabarmarsa kusa da iyaka.

Mutum uku sun zo a tura musu a waya. Ban iya turawa ba, na ce su jira mai abin.

Asabar, 19 ga Afrilu

Bari in rubuta wannan.

Rana ta yi zafi na koma inuwar sandar, kunnena dab da sifika. Waƙa ta huɗu ce. Duk kwanakin nan hayaniya kawai nake ji, yau sai na ji Hausa ce ashe. Tana cewa an bar turke ba kowa, an bar ƙwarya a kife. Sai kiɗan ya tsaya, ta fara kira. Wule. Saye. Fure. Ɗan Baƙi. 'Yar Gatan Inna.

Shanunmu ne. Waɗanda aka kora daga Birchi. Wule da Saye kowane Bafulatani na da su, na yarda. Amma 'Yar Gatan Inna mahaifiyata ce ta raɗa wa wata karsana, kuma a jeren nan muke kiransu in za a ɗaure, babba zuwa ƙarama. Mutum nawa suka san jeren nan a duniya? Ni, da Yelwa, da wadda take riƙe maruƙa in ana tatsa.

Na kashe. Na kunna. Na sake kashewa.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Na gaya wa Yelwa ina ta zagaye-zagaye. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar wake. "Sai yanzu ka gane? Ni ranar farko da ka kunna a tsakar gida na san numfashin ɗiyata." Wai tun bara ta san Zinariya na waƙa. Wai a waya take ɗauka, ta tura wa abokan nata su haɗa da kiɗa. Wai ni kaɗai ne a gidan nan ban da labari, ni da na yi hedimasta.

Na ce me ya sa ba a faɗa mini ba? Ta ce da an faɗa me zan yi? Haushi nake ji, amma na rasa na wa.

Ranar da aka kora shanun, kowa ya yi kuka ban da Zinariya. Na riƙa yabonta a gaban mutane, ina cewa ga mai tawakkali.

Litinin, 21 ga Afrilu

Ban kunna nata ba. Fadamar nan cike take da mutanen Kurfi, 'yan yankinmu na Birchi. Wani zai gane sunayen, ko ya gane muryar, kafin la'asar labari ya kai Dutsin-Ma cewa 'yar Malam Maniru na ihu da ƙarti a intanet. Na san bakin mutanenmu. Ni da hannuna na yi kwana da kwanaki ina watsa muryar 'yata a sararin Allah!

Na mayar da Injin Niƙa. Suka ci abincinsu yana musu kiɗa.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na yi ta jan igiya har kafaɗa ta riƙe. Na gwada majajjawa, na kusa fasa wa Malam Sabitu kai. Ya ce, "Ina matar nan mai ƙara? Mi ya same ta?" Na ce memorin ya lalace. Ƙarya a gaban malami, da girmana.

Gefen yamma ya tafi, zangarniya tsaye ba komai a ciki. In aka ci gaba haka, abin da zan kai gida ba zai kai mu tsakiyar damina ba. Shinkafa ko sunan yarinya. Na juya abin nan ta kowace fuska, kuma har yanzu ban ma san ko laifi ta yi ba. Ba batsa a ciki, na saurara da kyau. Shanu take kira.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na ɗauki waya in kira ta, na ajiye.

Asabar, 26 ga Afrilu

Sai ga ta a gona da rana tsaka, da hijabinta har ƙasa, uwarta ta ba ta fura ta kawo mini. Ta tsaya ta dubi gefen yamma, ta dubi sifika.

"Baba, me ya sa ka kashe?"

Na ce caji. Ta danna, fitila ta kawo kore. Na kasa kallonta, sai na ce da mutum-mutumi, "A ina kike ɗauka?" Ta nuna can wajen da ruwa ke fita daga dam, ta ce ƙarar ruwa na rufe ta, ba mai ji. Ashe a bayan gonata ma ake yi.

Na ce mutane za su yi magana. Ta ce ta sani. Na ce to don me kika ba ni, alhali kin san zan gane? Ta murza bakin hijabi.

"Na gaji da ana cewa ina da haƙuri, Baba. Kuma shinkafar tamu ce."

Ban ce mata ta kyauta ba, ban ce ba ta kyauta ba. Na sha fura. Da za ta tafi ta ciro memorin daga aljihun rigata da ke rataye, inda na ɓoye shi, ta ɗora a kan murfin kwano. Yadda ta san yana nan, oho.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ban je gona da wuri ba. Na zauna a zaure da memori a tafin hannu, abu kamar farcen yatsa. Yelwa ta wuce ta ce in na gama kallonsa tsuntsaye na gaishe ni.

Talata, 29 ga Afrilu

Jiya na kunna. Na gaya wa kaina saura kaɗan a yanke, don shinkafa na yi, ba don komai ba. Suka tashi kamar ranar farko. Abin da ya rage zai tsira in Allah ya so, ko da yake buhunan ba za su kai yadda na sa rai ba.

Yau da aka zo waƙa ta huɗu Malam Sabitu ya tsallako iyaka, ya tsaya gaban sifika da carbi a hannu har ta gama kiran. Ya ce, "Wagga shanu take kira. Wagga ta yi kiwo. Ɗiyar wa ce?"

Na shirya ƙarya tun daga gida, cewa wata ce 'yar Jos. Sai na ji bakina ya ce, "Ɗiyata ce." Da ƙarfi ma, har maƙogwaro ya yi mini zafi.

Na jira wa'azi. Ya dubi ruwa. Sannan ya ce shi bai san hukuncin wannan kiɗa ba, kuma ba zai ce yana so ba. Sai ya ce nasa shanun bakwai ne, rana ɗaya aka kora su daga Tamawa, kuma tun ranar bai ƙara faɗin sunansu ba, don kada a ce malami bai yarda da ƙaddara ba. "In za su sake wata waƙa, ko za ta kira nawa?"

Ya faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na ce zan tambaye ta, ban yi alkawari ba.

A kan babur na yi ta maimaita su don kada in manta. Sai da muka shigo gari na lura a kan kiɗan mai gangar nan na Kaduna nake jera su, har da tsayawar, ƙafata na bugawa. Ba wai abin ya shiga raina ba ne. Sun fi zama a kai ne a haka.