Rago a Wuyan Serafim

Birnin Sofiya, watan Satumba

Yaya Profira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Ya aiki a Italiya, ya gwiwar nan taki? Taliya da man zaitun da kika aiko ta motar kaya sun iso. Baba ya ɓoye man a ƙarƙashin gado, wai sai ranar biki.

Muna sansanin horo ni da sauran 'yan kokawar ƙasa. Daga nan sai Istanbul, mu koma gida Kishinau, sannan babbar gasa a Nuwamba. Ni kam na daina kwance jakata.

Yaya, ki samu wuri ki zauna. Tun wasan da muka yi a birnin Baku, da wani ƙato ya kife ni a ka, hannuna na dama ba daidai yake ba. Yatsu biyu sun mutu, kofin shayi sai ya suɓuce mini ban sani ba. Ranar hutu na saci jiki na je wurin wani likita da bai san ni ba. Ya ɗauki hoto, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni sana'ata. Da na faɗa masa, sai ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce ciwon ba a hannu yake ba, a wuya yake, wani abu ne ya zame tsakanin ƙasusuwa yana danne laka. Ya ce ko buhun gari kada in ɗora a wuyan nan, kada kuma a kayar da ni a kansa, in ba haka ba ina iya rasa motsi daga wuya har ƙafa.

Malam Efim, mai horar da mu, bai sani ba. In ya ji zai cire ni, ga shekaruna sun ja, wannan gasar ce ta ƙarshe. Zan lallaɓa zuwa Nuwamba, sai a yi mini aikin. Na san abin da za ki ce, ki faɗa, amma kada Baba ya ji. Wallahi tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji a gaban wani namiji ba.

Ƙaninki mai taurin kai,
Serafim

Kishinau, watan Oktoba

Yaya Profira,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kina lafiya, sanyi bai fara takura miki ba. Amsarki ta iso. Kai, ashe zagin da kike yi mini tun ina yaro ba a bakinki kaɗai yake ba, har a biro. Kin kira ni sakarai, na karɓa. Amma maganar in gaya wa Malam Efim, ki bari tukuna.

Istanbul ta wuce lafiya. Na ce cikina ya ɓaci, na yi wasa ɗaya na janye. Muna dawowa ma'aikatar wasanni ta miƙa ni makarantu, yau nan gobe can, da lambar yabo a ƙirji. Jawabin dai wanda kika sani ne: a tashi da wuri, a bar taba, ɗan kokawa ba ya cewa wayyo. A da ina faɗar wannan da gaskiyata. Yanzu ina faɗa, hannuna na cikin aljihu don kada su ga yatsun da suka mutu.

Abin da ban taɓa lura da shi ba sai yanzu shi ne, duk mai ƙaunata wuyana yake nema. Shugaban makaranta ya rungumo ni ta wuya, tsofaffin 'yan kokawa su dafa ƙeyata su jijjiga, yara su maƙale a yi hoto. Ina murmushi, gumi na bin bayana.

Jiya Baba ya bugo waya daga gidan maƙwabta. Bikin cocin ƙauyenmu ranar Lahadi ne, an sa sunana in yi wa matasa jawabi kafin a fara kokawa. Ya ce ragon da za a ba wanda ya ci kokawar bana babu irinsa, kuma Gavril makiyayi, abokina da nake kayarwa tun muna kiwon agwagi, yana ta cika baki wai bana zai nuna wa mutanen birni iyakarsu. Na ce wa Baba magana kawai zan yi, ba a yarda mu shiga wasan ƙauye ana dab da gasa ba. Dariya ya yi, ya ce in zo dai, ya kashe waya. Dariyar nan ba ta yi mini daɗi ba.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaishe da matan garinmu da kuke haɗuwa a coci.

Naki,
Serafim

Asibiti, Kishinau

Yaya Profira,

Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Kada ki firgita da rubutun nan, ba nawa ba ne. Gavril ne ke rubutawa ina faɗa masa, shi ya sa layin ke hawa yana sauka. Na san Baba ya buga miki waya, amma Baba bai san yadda aka yi ba. Ni zan faɗa miki.

Ranar bikin, bayan an fito coci an ci tuwon masara da cuku, aka taru a filin bayan makaranta. Na yi jawabina, aka tafa. Aka yi kokawa, Gavril ya kayar da kowa. Sai ya juyo yana nuna ni, yana tambayar jama'a ko zakaran ƙasa lasifika kawai ya iya riƙewa. Fili ya ɗauki sunana. Kafin in buɗe baki Baba ya taso da ɗamarar kokawarsa ta zamanin samartaka, ya ɗaura mini da hannunsa a gaban kowa, yana hawaye. Yaya, kin san Baba, kin san ƙauyenmu. Na nemi kalmar a'a a bakina na rasa.

Muka kama ɗamarar juna. Hannuna na dama ya zame, na sake kamawa, ya sake zamewa. Ɗan kokawa ba a ɓoye masa irin wannan. Gavril ya matso da bakinsa kunnena ya ce, "Me ya sami hannunka?" Na ce masa hannun ya mutu. Ban ce wuya ba. Da na ce wuya, da yanzu ina gida.

Shekara da shekaru yana neman ranar da zai kai ni ƙasa, ga ta ta zo. Sai ya yi kamar na harɗe shi, ya zube da bayansa, ya ja ni a hankali na faɗa kansa. Mutuncina ya rufa. Na tashi ina gode wa Allah a zuciyata, na manta sam da abin da ake yi wa wanda ya ci.

Maza suka cicciɓo ragon. Na ɗaga hannu ina cewa su bari, a ba Gavril, suka ɗauka kara nake yi, aka ƙara shewa. Masu kiɗa sun riga sun fara, ko muryata ba a ji. Suka saɓa mini shi a wuya don in zagaya fili kamar yadda aka saba. Na fara tafiya. Na kusa rabin fili ragon ya yunƙura, na ji wani abu kamar wutar lantarki ya sauka har tafin ƙafata. Daga nan sai na ga takalman mutane kusa da fuskata. Wasu har dariya suke yi, sun zaci wasa ne.

Malam Efim ya zo jiya. Bai yi faɗa ba, ya tsaya a bakin gado yana murɗa hularsa, ya fita. Da ya zage ni da ya fi mini. Gasar Nuwamba ta wuce ni, Yaya, ko tuna ta ba na yi.

Gobe za a yi aikin. Likita ya ce zai yi iya ƙoƙarinsa, bai yi mini alkawarin komai ba. Ina iya juya ido, ina iya haɗiye ruwa, kafaɗar hagu tana ɗan ji. Sauran jikin ina ganinsa ne kawai a ƙarƙashin bargo.

Gavril bai koma wurin tumakinsa ba tun ranar, a kan benci yake kwana, ya ƙi cin abinci. Yana cewa da ya kayar da ni da ba a ɗora mini ragon ba. Yanzu na ce ya rubuta cewa ba laifinsa ba ne, ya ajiye biro ya ce ba zai rubuta ba. Na ce to ya rubuta cewa ya ƙi. Ga shi ya rubuta.

Yaya, ki zo. Ki nemi izini ko ki bar musu aikin, ki hau motar farko. Na san ba za ki iso gobe ba, amma ba na son in tambayi baƙo ko ƙafata ta motsa, ke nake so in tambaya, don ke ba za ki yi mini ƙarya ba. Ɗazu Gavril ya yaye bargo ya matse babban yatsan ƙafata da duk ƙarfinsa, yana kallon fuskata. Ina kallo yana matsawa, amma ban ji komai ba.

Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙaninki,
Serafim